Sanya Lagireton Baƙin Mai a Tsohuwar Motar Gudu: Tambayoyi da Amsoshi

Masu riƙe da tsofaffin motocin gudu na Ingila, irin su MGB da Triumph Spitfire da TR6, sukan kai lokacin da suke tunanin ƙara wa injin na'urar sanyaya baƙin mai, wato ƙaramin lagireton da mai ke ratsawa ya huce kafin ya koma bakin aikinsa. Aikin ba ya gagarar ƙwararren bakanike, amma yana cikin ayyukan da kuskure ɗaya a cikinsu ke iya kashe inji kafin direba ya ankara. Amsoshin da ke tafe sun fi jingina ga MGB, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a masana'antar Abingdon tsakanin 1962 da 1980, domin tsarin man injinta a fili yake, kuma abin da aka fahimta a kanta yana amfani ga sauran.

Tunda motar tana da lagireton ruwa, mene ne amfanin wani lagireton na mai?

Ruwa yana zagaya jikin silinda da kan inji ne kawai, ba ya kaiwa ga karanshaf da boris ɗinsa, kuma ba ya taɓa ƙasan fistin. Zafin waɗannan wurare baƙin mai ne ke kwashe shi, ya gangara da shi cikin kwanon mai da ke ƙasan inji, inda iskar da ke wucewa ƙarƙashin mota ke ɗan rage shi. Wannan tsari ya wadatar a ƙasa mai sanyi da tafiya mai sauƙi. Idan aka riƙe injin a kan gudu na tsawon sa'o'i, ko aka ƙara masa ƙarfi fiye da yadda ya fito daga kamfani, ko kuma ana tuƙa shi a yanayi mai tsananin zafi, sai zafin da ke shiga mai ya fi wanda kwanon ke iya zubarwa. Daga nan man ya tsinke, matsinsa ya faɗi, siririn shimfiɗar da ke raba ƙarfe da ƙarfe ta fara yankewa. Agogon ruwa zai iya nuna cewa komai lafiya alhali mai yana ƙonewa, domin ba zafi ɗaya suke aunawa ba.

Ta yaya zan san ko motata tana bukatarsa?

Da awo, ba da zato ba, kuma wannan ita ce amsar da na fi so mai karatu ya riƙe a duk shafin nan. Kafin a sayi komai, a sanya gejin zafin mai, a ɗaura na'urar jin zafinsa a kwanon mai ko a wurin da mai ke fita zuwa filta, sannan a tuƙa motar yadda aka saba tuƙa ta na wasu makonni, har da doguwar tafiya da tsakar rana da hawan tudu.

Man inji yana aikinsa da kyau tsakanin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Selsiyas. Idan gejin yana zama a wannan tsakanin, motar ba ta bukatar lagireton mai, kuma kuɗin ya fi amfani a wani gyaran. Idan yana haura 120 yana zama a can duk lokacin da aka hau babbar hanya, to akwai dalili mai ƙarfi, domin man gargajiya irin 20W-50 da waɗannan injuna ke sha yana saurin lalacewa a wannan zafi. Masana mai suna da ƙa'idar da suke aiki da ita cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai, saboda haka bambancin 110 da 130 ba ƙarami ba ne.

Gejin matsin mai shi ma yana ba da shaida. Lafiyayyen injin MGB yana nuna fam 50 zuwa 80 a ma'aunin matsi na psi a kan gudu, da fam 10 zuwa 25 idan yana silo. Idan allurar tana tsaye da kyau da safe amma tana zubewa bayan tafiyar sa'a guda, zafi yana cikin abubuwan da za a tuhuma. Sai dai a yi hattara a nan: boris da suka ci da famfon mai da ya gaji suna ba da wannan alamar daidai wa daida. Lagireton mai zai iya ɗaga allurar kaɗan ya rufe asirin injin da ya tsufa, amma ba zai mayar da ƙarfen da ya goge ba, kuma wanda ya sanya shi domin gudun buɗe inji ya jinkirta asara ne kawai.

Wani abu da ya kamata mai gyaran waya ya sani shi ne, MGB da aka ƙera kafin ƙarshen 1967 ɓangaren batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin mota, saɓanin motocin yanzu. Kafin a jona gejin lantarki na zamani, a duba ko an riga an juya wannan tsari, ko kuma a nemi gejin da ba ya bukatar wuta.

Mai ya yi sanyi sosai ba alheri ba ne?

Ba alheri ba ne, kuma a nan ne mafi yawan masu sanya wannan na'ura ke cutar da injinsu suna zaton gata suke yi masa. Duk lokacin da fetur ya ƙone yana haifar da tururin ruwa, wani ɓangarensa kuma yana zurarewa ta gefen ringi ya shiga kwanon mai tare da ɗan fetur da bai ƙone ba. Mai mai zafi yana korar waɗannan su fice ta hanyar numfashin inji. Man da bai taɓa wuce digiri 60 ko 70 ba yana riƙe su, su haɗu da dattin ƙuna su zama asid da dagwalo. Wanda ya buɗe murfin zuba mai ya ga wani farin abu mai kauri kamar kindirmo ya manne a cikinsa, alhali ruwan lagireto ba ya raguwa, to yana kallon sakamakon injin da ba ya samun zafin da ya kamata.

Bayan haka, mai mai sanyi yana da kauri, yana wahalar ratsa ƙananan hanyoyin lagireto, kuma da sassafe matsinsa yana iya kaiwa inda zai fasa tsohuwar mesa ko ya buɗe ɗinkin lagireton.

Maganin wannan shi ne tamostat na mai. Yana rufe hanyar lagireto yayin da mai ke da sanyi, ya bar shi ya zarce kai tsaye zuwa filta, sannan ya fara buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 80. Yawancinsu suna barin ɗan mai yana ratsa lagireton ko da suna rufe, domin kada iska ta taru a ciki, kuma kada mai mai sanyi ya afka wa inji mai zafi farat ɗaya. A ganina duk motar da ake hawa a titi, ba filin tsere kaɗai ba, bai kamata a sanya mata lagireton mai babu tamostat ba, ko da a ƙasa mai zafi ce, domin safiyar hunturu da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari suna nan ko'ina.

Shin MGB ba ta zo da shi daga kamfani ba ne?

Da yawa sun zo da shi. A shekarun farko motocin da ake sayarwa cikin Ingila sai mai saye ya nema ake sanya masa, sannan daga 1964, lokacin da injin mai cc 1798 ya koma mai boris biyar a karanshaf maimakon uku, ya zama cikin kayan da motar ke fitowa da su. A motoci masu bamba ta ƙarfe, lagireto ne mai layi 13 na bututun da mai ke ratsawa, da ke zaune a kan faffaɗan ƙarfen da ke gaban lagireton ruwa.

Abin da ya sauƙaƙa aikin a wannan mota shi ne, mai yana fitowa waje da kansa. Daga famfo yana fita ta bayan inji a ɓangaren dama, ya bi bututu zuwa kan filta, sannan ya shiga ciki. Sanya lagireto bai wuce cire wannan gajeren bututu a maye gurbinsa da mesoshi biyu ba, ɗaya daga bayan inji zuwa lagireto, ɗaya daga lagireto zuwa kan filta. An kuma yi sa'a salansa tana ɓangaren hagu, saboda haka mesoshin ba sa kusantar ta. Wanda ya tarar an cire lagireton motarsa a hannun wani mai ita na baya zai ga ramukan notuna da na mesoshi suna nan suna jira.

Motar da ba a tanadar mata wannan hanya ba fa?

A Spitfire da makamantanta ana amfani da wani faifan alminiyam mai kauri da ake sanyawa tsakanin jikin inji da filta. Ana kwance filta, a ɗora faifan da zoben robarsa yana kallon inji, a ɗaure shi da doguwar kusa mai rami a tsakiya, sannan a mayar da filta a kan wannan kusar. Faifan yana da baki biyu, na fita da na dawowa, kuma akwai irin da tamostat ke cikinsa, wanda shi na fi so domin yana rage yawan mahaɗai, kuma kowace mahaɗa wuri ne da mai zai iya tsiyaya. Injin Spitfire mai cc 1493 ya yi suna wajen saurin cin boris idan aka matsa masa a doguwar hanya, shi ya sa masu shi da yawa ke yin wannan aiki.

Abu biyu ake dubawa kafin saye. Na farko shi ne haƙoran kusar filta: tsofaffin motocin Ingila a ma'aunin inci suke, motoci da yawa na baya-bayan nan kuma a ma'aunin milimita, kuma akwai masu girman da ya yi kusa da juna har su fara shiga sannan su ƙwace a ƙarƙashin matsi. Na biyu shi ne wuri, domin faifan yana tura filta waje da kimanin inci guda ko fiye, kuma a wasu motocin hakan kan sa ta taɓa shasi ko sandar sitiyari. TR6 ta fito da filta irin ta da mai kwanso da takarda a ciki, saboda haka a can ana sayen mahaɗin da ke mayar da ita filtar murɗawa, wanda ke da bakunan mesoshi a jikinsa.

Wane girma zan saya?

Ga injin da bai wuce lita 2 ba kuma ba a taɓa ƙarfinsa ba, mai layi 10 zuwa 13 a faɗin milimita 235 ya isa. Mai layi 16 ko 19 na injin da aka ƙara wa ƙarfi ne ko mai shiga tsere. Babba fiye da kima yana tare wa lagireton ruwa iska, sai a magance zafin mai a jawo zafin ruwa. Mocal na Ingila da Setrab na Suwidin suna cikin sunayen da aka daɗe da sani a wannan fanni.

A ina ya fi dacewa a ɗaura shi, kuma yaya?

Inda iska ke bugawa kai tsaye, kuma inda take da hanyar fita ta baya, domin iskar da ta shiga ba ta samu mafita ba ba ta sanyaya komai. Gaban lagireton ruwa shi ne wurin da aka saba, kuma yana da fa'idar cewa fankar inji tana jawo masa ɗan iska idan mota ta tsaya. Ƙarƙashin bamba yana samun iska mai kyau ba tare da ya tare wa ruwa ba, amma yana fuskantar tsakuwa da tudun rage gudu da bakin kwalbati, kuma lagireton da ya fashe a kan gudu yana zubar da man inji gaba ɗaya cikin ƙanƙanin lokaci. Wanda ya zaɓi ƙasa, ya sa masa ragar ƙarfe mai faɗin ido a gaba, kuma ya tabbatar bai fi shasi sauka ba.

Bakunan su kalli sama, ko kuma su kalli gefe mai yana shiga ta ƙasa yana fita ta sama, domin iska ta samu ficewa. Idan suka kalli ƙasa iska tana iya maƙalewa a layukan sama, su zauna babu aiki.

Alminiyam ba ya jure murɗawa da jijjiga. Jikin tsohuwar mota marar rufi yana lanƙwasa kaɗan a kan hanya, kuma lagireton da aka ɗaure ƙam tsakanin wurare biyu masu motsi daban zai tsage a kusurwa ko ba daɗe ko ba jima. A sa roba tsakaninsa da ƙarfen da ke riƙe da shi, a riƙe shi sama da ƙasa idan dogo ne. Kada a rataye shi a jikin lagireton ruwa da igiyoyin robar da ake zura su ta tsakanin fikafikai, domin nauyinsa da na mesoshi zai ci bututun ruwan a hankali.

Wace irin mesa da mahaɗai ake amfani da su?

Mesar da aka yi domin baƙin mai mai zafi da matsi, ba ta fetur ba, ba ta ruwa ba. Faɗin cikinta ya zama rabin inci ga injuna irin na MGB da Spitfire, manyan injuna kuma kashi biyar cikin takwas na inci. Wadda ta fi haka ƙanƙanta tana shaƙe mai. Akwai ta roba zalla, akwai mai saƙar ƙarfe a baya. Mai saƙar ta fi jure guga, amma ita kanta tana cin duk abin da ta jingina da shi, fenti ne ko waya ko bututun birki, kuma tana ɓoye tsufan robar da ke cikinta.

Mahaɗai iri biyu ne suka fi yawa, kuma ba sa auren juna. Na Ingila, wato BSP, bakinsa yana zama a kusurwar digiri 60, shi ne kuma ke kan MGB a girman rabin inci. Na Amurka, wato AN, yana zama a kusurwar digiri 37, lambarsa kuma tana ƙirga kashi nawa ne cikin goma sha shida na inci, shi ya sa AN-8 ke daidai da rabin inci, AN-10 kuma kashi biyar cikin takwas. A zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa. Waɗannan mahaɗai da bakinsu suke toshe mai, ba da haƙora ba, saboda haka naɗa musu farin tef ba ya ƙara komai, gutsurensa ma yana iya shiga hanyar mai.

Wajen ɗaurewa a jikin lagireto, sifana biyu ake riƙewa: ɗaya ta riƙe gindin bakin lagireton kada ya motsa, ɗaya ta murɗa notin mesa. Wanda ya murɗa da sifana ɗaya yana murɗa siririn alminiyam ɗin da bakin ke zaune a kai, kuma tsagar da za ta biyo baya ba lallai ta nuna a ranar ba. Duk inda mesa ta ratsa ramin ƙarfe a sa zoben roba. A bar mata ɗan sassauci tsakanin inji da jikin mota, domin inji yana girgiza a kan kujerunsa, kuma a nisanta ta da fanka da bel da salansa. Mai da ya fesu a kan salansa mai zafi wuta yake kamawa.

Shin matsin mai zai ragu bayan an sanya shi?

Lagireto da mesoshi suna cin 'yan fam kaɗan, amma man da ya huce ya fi kauri, saboda haka a inji mai zafi allurar takan tsaya sama da inda take a da. Idan ta faɗi sosai, a nemi mesar da ta lanƙwashe, ko mahaɗi mai kaifin kusurwa, ko tamostat da aka juya bakunansa.

Me ake yi kafin tayar da inji karon farko?

A wanke sababbin mesoshi a hura su, domin yankan mesa yana barin ɓarɓashin roba da ƙarfe a ciki. A cika lagireton da mai kafin a ɗaura mesa ta ƙarshe. Sannan a cire fulogogi, a katse wutar koyil, a riƙa murza sitata kaɗan-kaɗan har allurar matsi ta ɗaga. Sai bayan haka a mayar da fulogogi a tayar, mutum ɗaya yana kallon geji, ɗaya yana kallon mahaɗai da tocila. Idan allura ba ta motsa ba cikin daƙiƙu kaɗan, a kashe nan take.

A bar injin ya yi zafi har tamostat ya buɗe, wanda za a gane idan mesoshin biyu suka ɗauki zafi, ta shiga ta fi ta fita zafi. A kashe, a jira, a sake duba sandar awo. Kwanon MGB yana ɗaukar lita 4 da kwata, lagireton kamfani kuma yana ƙara kusan rabin lita, kuma wannan ƙarin sai bayan mai ya zaga yake bayyana a matsayin giɓi. Bayan tafiyar farko a sake bin kowace mahaɗa da farin ƙyalle.

Zan iya sanya na hannu da na samu da araha?

Ban ba da wannan shawara ba. A MGB, haka ma a yawancin motocin da aka sa wa faifai, mai yana ratsa lagireto ne kafin ya isa filta, saboda haka idan injin da aka ciro lagireton daga jikinsa ya taɓa bugawa, garin ƙarfe yana nan maƙale a lungunan da wanki ba ya kaiwa. Saboda wannan dalilin ne kuma duk wanda ya sake gina injin da boris ɗinsa suka narke ya kamata ya sa sabon lagireto da sababbin mesoshi.

Yaya batun motocin da iska ke sanyaya injinsu?

A can mai yana ɗauke da kaso mafi girma na zafi, kuma da yawansu sun fito da lagireton mai tun daga kamfani. Porsche ta ƙara na biyu a cikin fendar gaba ta dama a 911S ta 1969, da dogayen bututu da tamostat, lokacin da ƙarfin injin ya fi ƙarfin na jikin inji shi kaɗai. A injin Volkswagen Beetle na farko lagireton yana cikin rumfar fanka, yana aika iska mai ɗumi kan silinda ta uku, wadda ta yi suna wajen ƙona bawul, har kamfanin ya fitar da shi gefe a tsarin 1971. Wanda zai ƙara wa irin waɗannan injuna lagireto na waje ya fara tabbatar da cewa duk gwangwanayen da ke jagorantar iska da robobin da ke toshe kewayen inji suna nan, domin rashinsu shi ne sanadin zafi mafi yawa.

Motata a cunkoson gari take yin zafi, ba a babbar hanya ba. Zai taimaka?

Kaɗan ne, domin lagireton iska sai mota tana tafiya yake aiki sosai, kuma zafin cunkoso yawanci na ruwa ne. A fara da wanke lagireton ruwa, da duba famfon ruwa, da saitin wuta, da fanka. Akwai kuma na'urar da ke sanyaya mai da ruwan inji maimakon iska, irin ta Laminova, wadda ke ɗumama mai da wuri da safe sannan ta riƙe shi kusa da zafin ruwa. Ba ta tsoron tsakuwa kuma ba ta bukatar iska, amma duk zafin da ta kwasa a kan lagireton ruwa take sauke shi, saboda haka sai wanda ruwansa ke da rarar ƙarfi.

Aikin zai rage wa motar daraja a wurin masu son kayan asali?

Idan an yi shi yadda za a iya warwarewa, ba ya ragewa. A yi amfani da ramukan da ke akwai, a ƙera maƙalai da za su hau notunan da ke wurin maimakon a huda sabon ƙarfe, a fenta lagireton baƙi, a zaɓi baƙar mesa maimakon mahaɗai masu launin ja da shuɗi waɗanda ba su dace da motar shekarun 1960 ba. Bututun asali da kwanson filta da duk abin da aka cire a adana su a ba mai saye na gaba. Inda huda ta zama dole, a goge bakin ramin a shafa masa fenti kafin a sa zoben roba, domin tsatsa daga irin wannan wuri take farawa.

Wace kulawa yake bukata bayan haka?

A kowane juyen mai a bi mesoshin da hannu daga farko zuwa ƙarshe, ana neman inda ta taurare, ko ta kumbura kusa da mahaɗi, ko ta yi sheƙi saboda guga. Mesar da ta fara tsattsagewa a baya a canza ta, kada a jira ta tsiyaya. Wani ɓangare na tsohon mai yana zama cikin lagireto a lokacin juye, kuma wannan ba matsala ba ce muddin ana juyen a kan lokaci. Fikafikan kuma suna tara ƙwari da ƙura, musamman ga mai tuƙi a yankin da ƙurar hunturu ke sauka watanni a jere, kuma idan akwai ɗan danshin mai a jikinsu ƙurar tana daskarewa ta toshe iska gaba ɗaya. A wanke su da ruwa marar ƙarfi ko iska daga baya zuwa gaba, a miƙe waɗanda suka lanƙwashe da siririn tsinke, kuma idan aka ga wuri ɗaya yana yawan yin baƙi da danshi, a goge shi tas a tayar da inji a duba ko tsaga ce ta fara.